Shekarar da Na Ɗebo Taurarin Teku

Nafisa, Bashir, na san abin da kuka ji a Funtua ranar kamun Nafisa, lokacin da matan gidanmu suka ɗauka ba ku jin Hausa sosai suka saki baki a gabanku. Sun ce uwarku ta zauna a Amurka tana renon ƙwarin ruwa har mahaifiyarta ta rasu ba ta zo ba. Ba ku tambaye ni ba, ni ma ban ce muku komai ba. Babanku kuma yana da nasa labarin da yake ba mutane don ya kare ni, shi ma ba daidai ba ne. Yanzu da na yi ritaya, ga lokaci, ga hankalina a jikina, gara ku ji daga bakina yadda aka yi a shekarar nan, wadda ita ce ta bakwai da zuwanmu garin Sterling na jihar Virginia.

Kafin mu zo ƙasar nan shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare ta 'yan mata. Akwai darasin da nake so fiye da kowanne, na halittun teku. Nakan ɗauki alli in zana tauraruwar teku a allo, hannuwanta biyar, in nuna inda bakinta yake a ƙasa, in yi bayanin ɗaruruwan ƙananan ƙafafun da take tafiya da su, 'yan mata suna kwafa. Ban taɓa ganin ta ba. Teku ma ban taɓa gani ba sai ta tagar jirgi ranar da muka taso. Da muka iso, babanku ya samu aiki a gidajen nan na manyan na'urorin kwamfuta da ke kusa da filin jirgi, shi ne cikin masu kula da injinan da ke sanyaya su. Ni kuwa takarduna ba su yi mini komai ba. Na shiga aikin kula da tsofaffi a gidajensu, wanka da ba da magani da juya mai kwance. Ban raina aikin ba, shi ya yi muku sutura, amma ba ranar da na wuce ƙofar makaranta ban ji wani abu ya soke ni ba. Sau uku na zauna jarrabawar samun lasisin koyarwa kafin in ci. Da na ci sai na gano ba a nan ƙarshen wahalar yake ba. Makarantu huɗu suka kira ni, kowacce ta ba ni aji in gwada darasi na minti ashirin. Ina buɗe baki sai yara su fara kallon juna, wani ya maimaita kalmar da na faɗa da irin muryata, aji ya ɗauki dariya. Daga baya sai wasiƙa ta zo, cike da ladabi, an ɗauki wani.

A lokacin ina kula da wata tsohuwa a Annandale, Madam Elina, mai shekara tamanin da 'yan kai, ƙafafunta sun daina ɗaukar ta amma bakinta garau. 'Yar masunci ce daga jihar Maine, can arewa. A farkon bazarar shekarar 'ya'yanta suka shirya kai ta garinsu na sati biyu, suka roƙe ni in bi su. Gidan yana kan tudu, ƙasansa duwatsu baƙaƙe, sai teku. Da muka iso da yamma ruwa ya rufe duwatsun. Washegari da safe na turo ta baranda a kekenta, sai na ga ruwan ya ja baya ya yi nisa, ya bar duwatsu tsirara da ciyawa a kwance a kansu, da ƙananan kududdufai a tsakaninsu suna ƙyalli. Na san wannan a littafi, na ma koyar da shi, amma tsayawa na yi da kofin shayinta a hannu.

"Rabi, ba kin ce ke malamar halittu ce ba?" in ji ta. "Ajiye kofin nan ki sauka. Ki taka a hankali, ciyawar tana da santsi. Ki duba ƙarƙashin duwatsu, kuma duk dutsen da kika ɗaga ki mayar da shi yadda kika same shi."

Na naɗe zanina na sauka. Ruwan da sanyi kamar an narkar da ƙanƙara. Kududdufin farko dodon koɗi ne kawai a ciki, ƙanana, masu yawa. A na biyu na ga wata ƙaguwa da ba ta da ɓawon kanta, ta ari na dodon koɗi tana yawo da shi. A na uku na ɗaga wani labulen ciyawa, sai ga ta manne a jikin dutse, launinta tsakanin ja da shuɗi, ba ta kai tafin hannuna ba. Na zura yatsa a hankali na ɗago ta na juya. Ƙananan ƙafafun nan da na shekara goma sha ɗaya ina zanawa kamar layukan ɗige, ashe motsi suke, kowacce da inda ta nufa, suna neman abin kamawa, har suka kama fatar hannuna. Zama na yi a kan jiƙaƙƙen dutse ina hawaye. Na sa ta a bokiti na hau da ita na nuna wa Madam Elina, ta leƙa ta yi murmushi.

"Maza mayar da ita," ta ce. "Ruwan bokiti ba ya daɗewa da sanyi. Waɗannan zafi ke kashe su."

Na ji maganar da kunnena, amma zuciyata ta riga ta tafi wani wuri. Abin da nake tunani shi ne, yaron da aka ɗora wa wannan a hannu ba zai damu da yadda nake furta kalmomi ba.

Ranar da na dawo gida, bayan kun ci abinci kun hau sama, na zauna na faɗa wa babanku ina so in ajiye halittun teku a tankin gilashi, in koyi riƙon su, in kai su aji. Ya dube ni ya ce:

"Malama, mu da muka taso muna sayen ruwa a garwa, yau mu ne za mu ajiye teku a gida?"

"Baban Bashir, kai fa aikinka ke nan, sanyaya abin da ba ya son zafi."

"Na'ura in ta yi zafi kashe kanta take yi, a gyara ta. Wannan rai ne."

Duk da haka ranar Asabar ya sauka ɗakin ƙasa da awo a hannunsa. Muka samo tanki na hannu, muka haɗa ruwan gishiri da garin da ake sayarwa don haka. Ya ɗauko wani tsohon ƙaramin firji ya huda shi, ya naɗe doguwar mesa a cikinsa, ruwa ya riƙa bi ta ciki yana komawa tanki da sanyi. Ni kuma na rubuta wa hukumar da ke kula da teku a jihar can, na ce ni malama ce, ga lasisina, ga abin da nake so in yi. Suka aiko mini da takardar izini, da irin abin da zan iya ɗauka da iyakar yawansa. Saura fitila. Na je shagon masu sayar da kifin ado na ce ina son fitilar tankin ruwan gishiri. Mai shagon ya ba ni wata babba mai haske kamar rana tsaka. Ba laifinsa ba ne, ban ce masa ruwan sanyi ba ne, shi kuma ya ɗauka irin halittun ƙasashen zafi zan ajiye, waɗanda ba sa rayuwa sai da haske mai ƙarfi. Ni kuwa daɗi na ji. Ina son a ga komai ras.

Kun tuna tafiyarmu Maine a watan Agusta, awa goma a mota, kuna faɗa a baya kan wa zai zauna kusa da taga. Muka ɗebo taurari shida, da bushiyar teku uku, koraye masu ƙaya, da ƙaguwoyi, da wasu halittu masu kama da fure da ke buɗewa in ruwa ya rufe su. Muka zuba su a kula da ƙanƙara a gefe da ɗan famfon iska mai batir, suka iso da ransu duka. Na kunna fitilar nan, ɗakin ƙasa ya haskaka, har na kira maƙwabciyarmu ta zo ta gani. Kwana biyu komai lafiya. A rana ta uku aka tashi da irin zafin nan na Virginia mai ɗanko. Na kunna fitila da safe na tafi Annandale. Da na dawo bayan la'asar, tun daga matattakala na ji warin. Ya kamata ruwan ya tsaya a digiri hamsin da biyar a ma'aunin Amurka, na tarar ya haura saba'in da biyar. Taurarin sun saki gilashi sun faɗi ƙasa, hannuwansu sun fara rabuwa da jikinsu kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Ƙayoyin bushiya sun zube. 'Yan ƙaguwoyi da dodon koɗi kaɗai suka rage. Da hannuna na kwashe su, na haƙa rami a bayan gida. Ke Nafisa kin tsaya a ƙofa kin toshe hanci, kika ce mini da Turancinki, da ma an bar su inda suke. Ban mare ki ba saboda gaskiya kika faɗa.

Babanku ya ce a bar maganar haka. Ya ce an gwada, Allah bai yi ba, a wanke tankin a sa kifin ado irin na kowa. Ranar Lahadi na kankare katin waya na kira Inna, kakarku, kamar yadda na saba. Inna ba ta yi boko ba, ba ta taɓa wuce Kaduna ba, amma ba abin da ta taɓa reno ya lalace a hannunta, daga 'yan tsaki har irin barkono. Na ba ta labari duka. Ta saurara har na gama.

"Auta, da kika same su, a rana suke ko a inuwa?"

"A ƙarƙashin duwatsu, Inna. Wasu a bayan ciyawa."

"To me ya kai ki haska musu fitila?"

Kafin in buɗe baki ta ci gaba.

"Wannan karon da rashin sani kika kashe su, Allah Ya yafe miki. In kika sake ɗebo wasu ba ki gyara ba, da gangan ne."

Ba ta ce in bari ba, ni ma ban yi niyyar bari ba. A ranar na yanke wa kaina hukunci: ba zan sake taɓa kududdufi ba sai tankin nan ya yi kwana arba'in da ruwa da duwatsu kawai, fitila a kunne, ma'auni bai motsa ba. In ya motsa ko sau ɗaya, a sake lissafi daga farko. Na faɗa wa babanku. Ya ce ni dai ba na jin magana. Bayan kwana biyu ya dawo daga aiki da wani injin sanyaya ruwa na gaske da ya samo na hannu, ya ce firjin nan da ma ba zai iya ba, shi ya sani, kawai bai zaci da gaske nake ba.

Fitila ce ta ba mu wuya. Na cire babbar na sa doguwar fara irin ta ofis, ita ma tana ɗumama saman ruwa, ga shi cikin sati biyu gansakuka ta rufe gilashin ya koma kore. Na kashe fitila gaba ɗaya, sai jar ciyawar tekun da ta tsira a jikin duwatsun ta fara ruɓewa, ban da haka ma, wa zai ga abin da ke cikin tanki a duhu? A lokacin ƙananan ƙwayayen nan da ake kira LED ba su daɗe da shigowa ba, ba a cika samun su a haɗe ba. Babanku ya yi odar su tsiraru, kamar ƙwayar masara, ya baje su a teburin cin abinci, ya liƙa su a jikin sandar alminiyam da dalma, hayaƙi na tashi, ina faɗan zai ƙona mini leda. Goma sha biyu ya fara sawa, farare da shuɗaye. Na ce sun yi yawa. Ya cire huɗu. Muka rataye sandar sama da ruwa da kamu biyu, ya sa maɓallin rage haske, da agogon da ke kunna ta da safe ya kashe ta bayan awa shida. Na tara duwatsu a gefe ɗaya na yi musu rumfa, don duk wanda ba ya son haske ya samu wurin shiga. Safe da yamma ina duba ma'auni ina rubutawa a takardar da na manna a bango. Mun kai kwana ashirin da uku aka ɗauke wuta na rabin yini saboda iska, ruwan ya hau. Babanku ya ce wannan ai ba laifin tanki ba ne, a ci gaba da ƙirga. Na ce halittun ba za su tambayi laifin wa ba ne. Ya haɗa batirin ko-ta-kwana, na cika firiza da robobin ƙanƙara, muka koma ɗaya.

Kwana arba'in suka cika a watan Nuwamba. Na lura a jadawalin janyewar teku cewa ruwan ya fi ja da baya in wata ya tsaya ko in ya cika, don haka da lissafin watanmu na zaɓi rana. Ni da babanku muka tafi, kuna gidan maƙwabta. Sanyin ranar ba zan manta da shi ba. Na sa dogon takalmin roba, na cusa hijabina cikin rigar sanyi, na durƙusa a kan duwatsu. Minti biyar a ruwa yatsuna suka daina jin komai, sai in fito in sa su a hammata in koma. Wannan karon ban yi haɗama ba. Taurari uku, ƙanana. Bushiya biyu. Furannin ban ɓamɓare su daga dutse ba, na nemi waɗanda ke kan 'yan duwatsun da zan iya ɗauka dungurungum. Babanku yana can sama riƙe da kula yana kallon agogo, yana kira na ruwa ya fara dawowa. Duka suka rayu. Sati na biyu na sauka da safe na tarar furannin sun buɗe cikin ɗan hasken nan mai kama da na hantsi a ranar hadari, tauraruwa ɗaya ta fito daga rumfa tana hawa gilashi.

A watan Disamba wata makarantar 'yan aji shida zuwa takwas ta neme ni. Malamar kimiyyarsu za ta tafi hutun haihuwa, kuma ta ce da wuya ta dawo. Shugabar makarantar ta ce in riƙe ajin na sati goma sha biyu, daga Janairu zuwa hutun ƙarshen Maris, za ta shigo ta ga darasina a ƙarshe, in abin ya yi, kujerar tawa ce. Na tambaye ta ko zan iya kawo tanki. Ta ce in dai ba zai jiƙa mata ƙasa ba. Na yi sallama da Madam Elina, ta riƙe hannuna ta ce kada in kuskura in dawo mata. Satin farko yaran suka yi mini abin da na saba gani. Ban kula ba. Ranar Juma'a na rufe labulen tagogi, na ce su taso su zagaye tankin, na jefa wa tauraruwa ɗaya kifin ɓawo mai rai, irin mai ɓawo biyu a haɗe. Suka ga ta hau kansa ta rungume shi, tana ja, tana ja, har ɓawon ya buɗe kaɗan, sannan ta fito da cikinta waje ta zura a ciki. Ajin ya yi tsit. Ina bayani, ba wanda ya maimaita muryata. Da aka kaɗa ƙararrawa ba wanda ya motsa, sai da na kore su.

A sati na bakwai, ina shirin fita da safe, Yaya Hadiza ta kira. Ta ce Inna ta faɗi a tsakar gida, an kai ta asibiti, an dawo da ita, ɓarin jikinta ɗaya ba ya aiki sosai, ba ta cin abinci.

"Rabi, ni dai na faɗa miki. In za ki zo, ki zo yanzu."

Na je wurin shugabar makaranta a ranar. Ta tausaya mini da gaske. Ta ce in tafi, uwa ba wasa ba ce, amma ba za ta ɓoye mini ba, ba za ta bar aji sati uku ba malami ba, dole ta kawo wani ya ƙarasa zangon, kuma wanda ya ƙarasa shi za a duba. Da na dawo gida babanku ya ce in shirya kaya, shi zai kula da tankin, zai riƙa zuwa makarantar safe da yamma. To kun ji. Halittun nan ba su ne suka riƙe ni ba, suna da mai duba su. Na kira gida aka kara wa Inna waya a kunne. Muryarta ta yi nauyi amma ina gane ta.

"Inna, ya jiki?"

"Da sauƙi, Auta. Ya abubuwan naki, suna nan da rai?"

"Suna nan, Inna."

"Yaushe za ku gama?"

"Saura sati biyar. Ana yin hutu zan taho."

Ta yi shiru har na ɗauka katin ne ya ƙare. Sannan ta ce, "To."

Abin da ta faɗa ke nan. Babanku yakan ce wa mutane Inna da bakinta ta ce in zauna in gama aikina. Ba ta ce ba. Ba ta kuma ce in zo ba. Ni na ɗauki wannan "to" na juya shi yadda nake so. Shekarata arba'in da shida, na san in ƙofar nan ta rufe ba za a sake buɗe mini wata ba, zan tsufa ina juya tsofaffin mutane a gado har a zo juya ni. Na gaya wa kaina Inna mai ƙarfi ce, sati biyar ba wani abu ba ne. Na yanki tikiti na ranar farko ta hutu. Kullum ina kira kafin in fita, wata rana ta yi magana, wata rana sai dai in ji numfashinta.

Ta rasu ranar Talata, saura kwana goma sha ɗaya in tashi. Ina cikin aji aka kira ni ofis, na tarar da babanku a tsaye da hularsa a hannu. Kafin in iso gida an riga an kai ta. Na yi zaman makoki na kwana uku a falonmu, matan masallaci suna shigowa da kuloli. Ranar Litinin na koma aji. Ranar Alhamis shugabar ta shigo da takardarta ta zauna a baya, na koyar da darasina daga farko har ƙarshe, muryata ba ta yi rawa ba. Da yaran suka fita na kulle ƙofa na zauna a ƙasa kusa da injin sanyaya ruwa, inda ƙararsa za ta rufe tawa.

Na tafi Funtua ranar da tikitina ya nuna. Gidan ya watse, 'yan zaman makoki sun koma. Na shiga ɗakin Inna, gadonta a gyare, carbinta a rataye a ƙusa. Yaya Hadiza ta shigo ta ajiye mini ruwa ba ta kalle ni ba. Kwana biyu ba ta ce mini komai ba ban da gaisuwa. A rana ta uku muna tsince shinkafa ta yi magana, idonta a kan faranti.

"Ta yi ta kallon ƙofa."

Na ci gaba da tsince shinkafar, sai ta tambaye ni.

"Sun ɗauke ki aikin?"

"Ban sani ba tukuna, Yaya."

"To ki koma ki tabbata sun ɗauke ki. Kada a yi biyu babu."

Sun ɗauke ni. Shekara goma sha huɗu na yi a ajin nan, tanki yana gefen taga da 'yar fitilarsa, kuma ba a sake yi mini mutuwa irin ta farko ba. Yara da yawa sun bi ta hannuna, wasu har yau suna rubuto mini. Yaya Hadiza kuwa muna gaisawa, muna zumunci, ta riƙe bikin Nafisa kamar na 'yarta, amma tun daga shekarar nan ba ta sake kira na da kanta ba, sai dai in ni na kira. Ban taɓa yi mata ƙorafi ba. Ita ta juya Inna, ita ta yi mata wanka, ni ina can ina yi wa na wasu.

Kada ku ce wa kowa an yi mini ƙarya, kada kuma ku ce ba ni da zaɓi. Ina da shi, na zaɓa, na samu abin da na nema, kuma babu sallar da na idar ban roƙa wa Inna gafara na roƙa wa kaina ba. In kun tambaye ni ko da zan sake, ba zan iya ba ku amsar da za ta yi muku daɗi ba, domin har yau ban ba kaina ba. Abu ɗaya dai na yanke. Kuna da ayyukanku yanzu, Bashir a can yamma, Nafisa da yaranta. Ranar da jikina ya gaya mini lokaci ya yi, ba zan bar ku kuna fassara shiruna ba. Zan ɗauki waya in ce ku zo. Ku kuma ku ajiye duk abin da ke hannunku ku taho.